Ƙarin Filtar Gas a Jikin Tifa: Rajistar Aiki Daga Wani Gareji a Gombe

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Motar tifa ce ƙirar Mercedes mai injin OM366, silinda 6, lita kusan 6, famfon injektanta na Bosch ne irin mai jere. Aikinta ɗibar yashi da tsakuwa daga wajen Kwadon da Dadin Kowa zuwa cikin garin Gombe. Ƙorafin da aka kawo ta da shi uku ne: filtar inji ba ta daɗewa sai ta toshe, mota tana shaƙewa a kan hawa in da lodi, kuma tun da damina ta kankama ake ganin ruwa kwance a ƙaramin kofin gilashin da ke gindin famfon jan mai. Mai motar yana so a ƙara filta mai raba ruwa da gas. Sayen filtar abu ne mai sauƙi, inda gizo ke saƙa shi ne wurin da za ta zauna, don haka yau ba mu kwance ko noti ɗaya ba, bin layi da awo kawai muka yi.

Gas yana tasowa daga tanki mai lita 200 da ke gefen dama, ta bututun zuƙa da ya fito ta saman tankin. Daga nan faif mai faɗin milimita 10 ya bi ta cikin shasi zuwa famfon jan mai da ke manne a jikin famfon injekta, inda famfon hannu yake. Shi ke tura man zuwa filtar inji, ya shiga famfon injekta, rarar ta fita ta bawul ta koma tanki.

Awo daga ƙasa, mota ba lodi, a kan siminti: gindin tanki santimita 47, samansa 97, bakin famfon jan mai 86, ƙarfen da ya fito daga ƙaramin shasin bodi ya rufe sama a 105. Salansa tana gefen hagu. Waɗannan lambobin su za su yanke hukunci.

Talata, 8 ga Yuli

Kafin a ce ga wuri a jikin mota, sai an ce ga wuri a jikin layi. Ko dai kafin famfon jan mai, ɓangaren zuƙa ke nan, ko bayansa, ɓangaren matsi.

Ruwa ya fi gas nauyi. Litar ruwa kilo 1 ce, litar gas tana tsakanin gram 820 da 860. Muddin ruwan yana manyan ɗigo, da man ya rage gudu zai faɗa ƙasa da kansa, kuma a kan haka aka gina filta mai raba ruwa. To amma da zarar ya ratsa famfon jan mai, famfon ya kaɗa shi ya farfasa shi ƙanana-ƙanana, man ya yi hazo, ruwan ya daina kwanciya da wuri. Filtar da aka sa bayan famfo aiki biyu ya same ta, kuma famfon kansa ya riga ya sha ruwan da tsatsar da ake gudu. Saboda haka mai raba ruwa wurinta tsakanin tanki da famfon jan mai. Irin da muke dubawa, mai kofi garai-garai da murfi a sama, dama don zuƙa aka ƙera ta, ba ta son matsin da ya wuce kimanin bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), ga shi kuwa bawul ɗin rara na wannan famfon yana riƙe matsin da ya kai hakan ko ya ɗara.

Ɓangaren zuƙa yana da nasa haraji, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Duk abin da aka ƙara a layin, takardar tacewa ta cikin filta ce, gwiwar faif ce, tsawon tiyo ne, ƙarin nauyi ne ga famfon. Ɗaga gas mita 1 sama yana cin kimanin bar 0.08. Sannan yoyon ɓangaren zuƙa ba ya nuna kansa: mai ba ya ɗiga waje, iska ce ke shiga ciki. Wanda ya taɓa zuƙar lemo da tsinken da ya tsage ya san abin, jikin tsinken a bushe amma rabin abin da ke zuwa baki iska ce. Kowane haɗi da za mu ƙara ƙofa ce ta iska, don haka wurin da ya fi rage yawan haɗi da tsawon tiyo yana da maki tun kafin a duba sauran.

Masu mota irin ta zamani su lura, lissafinsu daban ne. Injin da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsa yana aiki da matsin bar 1,600 zuwa sama, ƙurar maikiron 4 ko 5 (maikiron kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita) tana yi masa illa, kuma wasunsu famfon lantarki ne a cikin tanki, ma'ana layin gaba ɗaya matsi ne. Can sai filtar da aka yi don matsi. Bayanin nan na injin famfon jere ne.

Laraba, 9 ga Yuli

Girman filta ba da abin da inji ke ƙonawa ake auna shi ba, da abin da ke ratsa layi ne, har da wanda ke komawa tanki. Mun cire layin komawa muka sa a jarka mai awo, aka riƙe inji a juyi 2,000 a minti, cikin minti 1 ya zuba lita 1.6. Lita 96 ke nan a awa. In aka kai juyi 2,600 aka ƙara lita 30 zuwa 35 da injin zai iya sha a cikakken lodi, lissafin ba zai wuce lita 160 a awa ba, ko da an yi masa ƙari.

Filta biyu na kamfanin Racor muka duba: 500FG tana ɗaukar lita 227 a awa, tsayinta santimita 29, tana buƙatar sararin kusan 13 a sama don zaro takarda. 900FG tana ɗaukar lita 341, tsayi 43, sararin sama 19. Babbar ta fi daɗin zama da gas ɗinmu don kofinta ya fi cin ruwa, sai dai jimillarta 62 ce, mu kuwa tsakanin 50 da 105 muke da shi, wato 55. Ko dai a sauke ta ƙasa da gindin tanki ta zama abin da dutse zai fara samu, ko kuma duk canjin takarda sai an ɗaga bodi. Mun tsaya kan ƙaramar.

Kofin ƙaramar kimanin mililita 110 na ruwa yake riƙewa. A riƙe wannan lambar, gobe za ta yi aiki.

Alhamis, 10 ga Yuli

Yau ce ranar zaɓen wuri. Mun yanka kwali daidai girman filtar haɗe da sararin samanta, muka zaga mota da shi.

Wuri na farko da kowa ke nunawa shi ne gefen inji, kusa da filtar asali, don tiyon zai yi gajarta kuma ana ganin an kare ta daga duwatsu. Ba mu yarda da shi ba. Jikin inji yana jijjiga ba hutu, jijjigar kuwa tana sake kaɗa ruwan da ya kwanta a kofi ya koma cikin man, ga biraket da ke tsagewa daga baya. Zafi ma yana nan: kofin roba ne, kuma gas yana kama wuta da kansa a zafin da bai kai digiri 300 ba, alhali bakin salansa da tabo (turbo) suna wuce 500 a kan hawa. Ɗigo ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa. Abin da ya rufe maganar shi ne kan motar nan ɗagawa ake yi. Direban da kansa ya ce, "Maigida, in dai sai na ɗaga kai kafin in leƙa, gaskiya ba kullum ba." Gaskiyarsa. Ɗaga kai yana nufin kwashe kayan da ke ciki, a yi ta bugun jak, da asuba, ga layi ana jira a wurin yashi. Kofin da ke cika da mililita 110 ba zai jira ranar sabis ba. Da ya cika, ruwan zai hau takarda, ko ya toshe ta mota ta tsaya, ko ya wuce, kuɗin da aka kashe ya tashi a banza.

Na biyu, bayan kan mota, a jikin ƙarfen da ke riƙe bututun iska. Ido na ganinsa, hannu na kai wa, dutse ba ya isa. Matsalar tsayi ce: bakin filtar zai kasance wajen santimita 150 daga ƙasa, fiye da mita 1 sama da man idan tanki ya yi ƙasa. Famfon jan mai da ya tsufa zai ji wannan. Kuma filta a can sama ita ce ƙololuwar layi, duk iskar da ta shigo a nan za ta taru, da dare man ya sulale ya koma tanki, da safe a yi ta bugun sitata. Buɗe bawul ɗin ƙasa a irin wannan tsayi ma iska yake zuƙa maimakon ya zubar da ruwa, sai an sassauta murfi.

Na uku, cikin shasi, inda tsohon faif ke wucewa. Nan ne mafi gajartar tiyo kuma mafi kariya. Amma ba a gani sai an kwanta a ƙasa, farfela tana juyi kusa, ƙaramin shasin bodi ya danne sama, takarda ba ta zaruwa. Wanda zai shiga ƙarƙashin tifa a cikin taɓon Agusta don ya duba kofi bai zo ba tukuna.

Bayan tanki, gaban tayar baya, bai ɗauke mu minti 1 ba. Can ne tsakuwa ke zuba daga bodi, kuma tiyon sai ya yi baya sannan ya dawo gaba.

Ya rage wajen shasi, gefen dama, tsakanin madigadin tayar gaba da gaban tanki. Akwai fili mai faɗin santimita 28 a wurin. Kwalin ya shiga, murfi a 82, gindi a 53, wato santimita 6 sama da gindin tanki, don haka in mota ta faɗa kwari tanki da ƙarfensa za su fara taɓa ƙasa, ba kofi ba. Bakin shiga da na fita suna tsakanin gindin tanki da bakin famfon jan mai, daidai inda masu ƙera filtar ke so. Salansa tana can ɗaya gefen. Daga bututun zuƙa zuwa filta tiyo santimita 60 ne kacal. Direba zai ga kofin a tsaye a duk lokacin da ya zo duba mai. Akwai ƙarin alheri guda: dama muke bi a titi, in mota ta tsaya a gefen hanyar Biu da dare, mai aiki a kan filtar yana ɓangaren daji, ba ɓangaren da tireloli ke wucewa ba.

Aibinsa biyu, kuma duka suna da magani. Tayar gaba tana watso taɓo da tsakuwa, sai an yi garkuwa. Sannan bawul ɗin ƙasa yana ƙarƙashin saman man kusan ko da yaushe, in kofi ya fashe tanki zai tsiyaye ta nan har ya kusa ƙarewa, sai an sa bawul mai hannu kafin filtar. Wannan zaman a ƙasa da man shi ne kuma ya sa zubar da ruwa zai yi sauƙi, nauyin man da ke tanki zai turo ruwan waje ba tare da iska ta shiga ba.

Nan muka tsayar.

Asabar, 12 ga Yuli

Kayan da aka haɗa: filta da takardu 3 masu maikiron 30 (jar alama) da 2 masu maikiron 10 (shuɗiyar alama), tiyon mai mai zare a ciki, faɗin milimita 10, mita 2.5, mai tambarin SAE J30 (ma'aunin ingancin tiyon mai). Kilif na ƙarfe mai santsin ciki guda 8. Maɗaurin tiyo mai roba guda 6. Bawul mai hannu 1. Gejin zuƙa 1, mai nuna ƙarfin jan da famfo ke yi a ma'aunin bar, da mahaɗarsa mai baki uku. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6.

A duba zaren bakin filta da ma'auni kafin a sayi kan haɗi. Racor ta asali lambar zarenta 3/4-16 ce, mai zoben roba. A kasuwa akwai na kwaikwayo masu zaren M18 ko M14. Kan haɗi M18x1.5 yana shiga ramin 3/4-16 ya yi zagaye kaɗan kamar ya dace, alhali ya fi ramin siranta da milimita 1, ko an ɗaure iska za ta bi. Wanda aka tilasta kuma, gidan alminiyom ne, tsagewa yake. Kada a yi amfani da kan haɗin famfon ruwa mai rufin zinki, gas yana cin zinkin ya kai shi nozul.

Mai maikiron 2, mai alamar ruwan ƙasa, ba mu saya ba ko da yake mai shago ya fi yabonta. A ɓangaren zuƙa, da irin man da ake sha daga duro da jarka, kwana kaɗan za ta toshe ta shaƙe famfo. Aikin tace laushi na filtar inji ne, a bar mata.

Litinin, 14 ga Yuli

Wankin tanki. Sa sabuwar filta a gaban tanki mai datti ɓarnar takarda ce. Mun kwashe man zuwa duro mai tsabta, muka buɗe bol ɗin gindi. Abin da ya fara fitowa ruwa ne mai launin tsatsa, ya kusa lita 2, sai baƙin yauƙi mai wari. Yauƙin nan ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a iyakar ruwa da gas, su ke like takardar filta ta yi baƙi cikin mako. An sauke tankin, an wanke da gas mai tsabta har ya fito garai, an bar shi ya bushe. Bututun zuƙa mun toshe bakinsa muka hura iska a cikin ruwa, babu tsaga. Tazararsa da gindin tanki santimita 3, mun bar shi haka.

Talata, 15 ga Yuli

Biraket. Ba a walda a jikin shasi, ba a kuma huda leɓensa na sama ko na ƙasa, nan ne ƙarfen ke ɗaukar lodi kuma daga rami tsaga ke farawa. In dole sai an huda, a tsakiyar bangon shasi ne, nesa da lanƙwasa, tazarar aƙalla milimita 50 tsakanin rami da rami. Mu ba mu huda ba, akwai ramuka 2 na kamfani a wurin da ba a amfani da su, bol M12 ya shige su.

Mai walda ya haɗa biraket ɗin a kan benci: faranti mai manne da shasi, hannu mai fitowa santimita 9, faranti na tsaye da filta za ta kwanta a kai, da ƙarfe mai kusurwa uku a kowane gefe don tallafe hannun. Wannan tallafin ba ado ba ne. Filta cike da mai a ƙarshen hannu, a kan hanyar da ke da ramuka, lanƙwasa ƙarfen take yi sama da ƙasa har walda ta buɗe. An goge, an shafa jan fenti na hana tsatsa sannan baƙi. Bol M12 masu lamba 8.8 da noti mai roba a ciki, an ɗaure a Nm 85 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Filta kuma da M8, Nm 25. Mun sa ma'aunin magina a kan murfi, tana tsaye cak ta kowane ɓangare. In ta karkace, ƙwallon da ke ciki mai hana mai komawa baya ba ya zama daidai.

Alhamis, 17 ga Yuli

Haɗa layi. Daga tanki: tiyo, bawul mai hannu, bakin shiga. Daga bakin fita: mahaɗar geji, tiyo, ya ratsa wani rami na shasi da muka sa wa zoben roba, ya bi ciki har famfon jan mai. Tsohon faif ɗin ya bushe ya yi tauri, cire shi muka yi gaba ɗaya maimakon a yanka a dasa, haɗi 2 ke nan muka rage. A duba kibiyar da ke jikin filta, ana juya shiga da fita fiye da yadda ake zato, kuma mota za ta tashi a hakan, rabon ruwan ne kawai ba zai yiwu ba.

Maɗauri kowane santimita 35. Babu inda tiyo ya yi tudu ya sauko, babu inda ya taɓa bakin ƙarfe, an bar masa ɗan sassauci kusa da inji saboda motsi. Farin tef na masu aikin famfo bai shiga ko'ina ba, zoben roba ne ke rufe waɗannan zaren, kuma guntun tef in ya yanke famfo yake nufa. Wajen mahaɗar geji, mai zaren da ke tsukewa, man like na ruwa muka shafa, aka bar zare 2 na farko a bushe.

Asabar, 19 ga Yuli

An zuba mai, an buɗe murfi an cika filta da gas mai tsabta, an shafa mai a robar murfi da ta hannun ɗaurewa, an ɗaure da hannu kawai ba sifana. An buga famfon hannu, an fitar da iska a filtar inji da famfon injekta. Ta tashi. Geji 0.06 a silo, 0.10 a juyi 2,000.

Bayan kamar minti 10 silo ya fara rawa. Mun dasa guntun tiyo garai-garai na wucin gadi a bayan sabuwar filta: mai zalla, ba kumfa. Muka mayar da shi bayan famfon jan mai: ga ƙananan kumfa suna bin juna. Ashe iskar a jikin famfon take shiga. Famfon hannun tsohon yayi ne mai murɗawa, robarsa ta cinye. A da yana ɗan zuƙar iska ba a lura ba, ƙarin jan da filta ta kawo ne ya tona shi. An sa sabo irin mai sifirin da ba a murɗawa, da sabuwar washar jan ƙarfe, an canza robar ƙaramin kofin gilashi. Kumfa ta ɗauke. An cire tiyon gwaji, irinsa gas yana busar da shi, ba a barinsa a mota.

Litinin, 21 ga Yuli

Gwaji da lodin yashi, tanki kusan cike, daga Kwadon zuwa cikin gari sannan hawan Tumfure. Geji mun ja shi da dogon tiyo zuwa cikin mota don wannan tafiyar. Ya fara a 0.10, ya riƙa hawa a hankali, kafin a gama hawan ya kai 0.27, mota ta fara rage ƙarfi. Sabuwar takarda ba ta toshewa a tafiya ɗaya bayan wankin tanki, don haka muka tsaya muka buɗe murfin tanki. Ya yi tsaki, geji ya faɗo 0.10 nan take.

Ramin numfashin murfin ya toshe da laka, kuma akwai leda da aka saba naɗawa a ƙarƙashinsa don hana ruwan sama shiga. Lissafin a fili yake: in sararin iska a tanki lita 20 ne, inji ya sha lita 5 ba iskar da ta maye gurbi, matsin ciki ya sauka da kashi 1 cikin 5, kusan bar 0.2 ke nan da famfo zai yi kokawa da shi. Wani ɓangare na shaƙewar da aka kawo ƙara a kai daga nan yake. An sa sabon murfi mai roba, an fitar da tiyon numfashi daga saman tanki, ya hau bayan kan mota, bakinsa ya kalli ƙasa da ƙaramar filtar babur a kai. Leda ta tafi. Muka maimaita hawan, geji bai wuce 0.12 ba.

Laraba, 23 ga Yuli

Garkuwa daga farantin milimita 2: ta rufe gaba da ƙasa, da rufin sama mai cirewa da bol 2 don yashin da ke zubowa daga bodi. Gefen waje a buɗe yake don a ga kofi, ƙasa kuma da rami daidai bawul. Geji ya dawo mazauninsa a cikin garkuwar, fuskarsa na kallon waje.

Alhaji mai motar ya nemi a sa kwaɗo a garkuwar, don bawul ɗin ƙasa hanya ce ta tsiyayar mai. Damuwarsa tana da tushe, gas ba araha yake ba. Amma mun ba shi shawarar kada a kulle. Makulli in yana gida, ruwa ba zai zuba ba. In yana hannun direba, kwaɗon bai hana komai ba. Duk wahalar zaɓen wurin nan an yi ta ne don hannu ya kai ga bawul ɗin kowace safiya, kwaɗo zai rushe ta. Lissafin mai a yi shi da sandar awo da littafi. Ya amince.

Abin da aka koya wa direba da yaron mota: kafin a tayar da inji a duba kofi, ruwa yana kwance a ƙasa da layi a fili tsakaninsa da gas. A tara a gora, a buɗe bawul har gas zalla ya fito, a rufe. Kada a buɗe shi alhali inji yana aiki, iska zai zuƙa. In tanki ya yi ƙasa da kwata a bari sai an sha mai. Geji a karanta shi inji yana juyi sama, in allura ta shiga tsakanin 0.24 da 0.34 lokacin canza takarda ya yi. Takarda 1 da robobinta su zauna a mota cikin ledarsu.

Litinin, 11 ga Agusta

Ta shigo dubawa. Bol ɗin biraket sun ɗan karɓi ɗauri, kilif 2 ma haka, tiyo sabo yana kwanciya. Walda lafiya. Gaban garkuwa duk tabon tsakuwa ne, kofi ko ƙwarzane babu. Yawancin safiya ruwan bai wuce cokali 1 ko 2 ba, amma washegarin wata rana da aka sha mai daga duro a wurin aiki kofin ya kai rabi. Ƙaramin kofin gilashi na famfon jan mai babu ruwa a cikinsa. Geji 0.15. An gaya wa masu duron su riƙa kwantar da shi a gefe, ko su rufe samansa, ruwan sama yana taruwa a leɓen duro ya bi ta murfi.

Litinin, 1 ga Satumba

Geji 0.25, an canza takarda. Kafin buɗewa an rufe bawul mai hannu, an wanke murfi da kewayensa da buroshi. Tsohuwar ta yi ja da ƙurar tsatsa, ba baƙin yauƙi. Filtar inji muka yanka muka duba, ninkinta da sauran haske, karon farko ke nan da ta kai lokacin sabis ba ta toshe ba.

Wannan karon mai maikiron 10 muka sa. Da ita geji ya fara a 0.13, ƙarin da famfon zai iya ɗauka. Za a riƙa rubuta karatun geji kowace Litinin. In ta kai 0.24 kafin canjin baƙin mai na gaba, za mu koma mai maikiron 30 har damina ta wuce. Ƙaramar filtar tiyon numfashi kuma za a duba ta a farkon Disamba, in hunturu ya sauko da ƙura.